Mamaci Ba Ya Amsawa, Me Ya Sa Muke Yi Masa Fatan Salama?

Mutumin da ya ce bai yarda akwai lahira ba, ranar da mahaifiyarsa ta cika za ka ji shi yana cewa ta huta. Malamin jami'ar da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da cewa ji da tunani duk aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma da zarar ta tsaya zance ya ƙare, shi ma idan abokin aikinsa ya rasu sai ya rubuta masa fatan hutawa lafiya. Masu addini sukan ce ai ga shi nan, a can ƙasan zuciya kowa ya yarda. Wasu marasa addini kuma sukan ce sabo ne kawai, harshe ne ya riga tunani. A ganina dukkansu sun yi gaggawa. Wanda ya yi wa mamaci fatan salama yana sanar da jama'a ne cewa shi ya ajiye makami, kuma ya ɗauki nauyin wasu abubuwa game da mutumin da ba zai iya kare kansa ba daga yau. Mai imani yana ɗora roƙon Allah a kan wannan, kuma a wurinsa roƙon shi ne babba. Amma nauyin yana kan kowa, da mai imani da marar shi.

Ɓangaren masu imani ya fi sauƙin fahimta, domin su a wurinsu mamaci yana nan, wuri kawai ya sauya, kuma yana cikin hali na buƙata. Sallar jana'iza a Musulunci ta nuna haka tun daga tsarinta. Kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, kuma farillar kifaya ce: idan wasu suka yi ta faɗi a kan kowa, idan kowa ya bari laifin ya hau kan kowa. Shafi'iyya da Hambaliyya suna karanta Fatiha bayan kabbarar farko, Malikiyya kuma addu'a suke yi bayan kowace kabbara, amma duk sun haɗu a kan cewa zuciyar sallar ita ce roƙa wa mamaci gafara. Addu'ar da ta fi shahara ma ba ta tsaya a kan gawar da ke gaban liman ba, tana neman gafara ga rayayyu da matattu, da wanda ya halarta da wanda bai halarta ba, da yaro da babba, da namiji da mace. Bayan an rufe kabari, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan tsaya ya ce a nema wa ɗan'uwan gafara, a roƙa masa tabbata, domin yanzu ake yi masa tambaya. Mai ziyarar maƙabarta kuwa sallama yake yi wa mazauna wurin kamar yadda zai yi wa mutanen gida, ya ƙara da cewa mu ma in Allah ya so muna tafe. Suratu Maryam, aya ta 15 da ta 33, ta ambaci aminci a ranaku uku na Annabi Yahya da Annabi Isa: ranar haihuwa, ranar mutuwa, da ranar tashi. Ranakun da mutum ya fi rauni ke nan, ranakun da ba shi da iko a kan jikinsa.

Kiristocin farko sun sassaƙa fatan salama a jikin kaburburan da suka haƙa a ƙarƙashin birnin Rum, kuma haruffan nan uku, RIP, masu nufin ya huta cikin salama, da suka cika duniya yau daga addu'ar Latin ta cocin Katolika suka fito. Katolika sun ware ranar 2 ga Nuwamba ta kowace shekara domin yi wa matattu addu'a, kuma babban taron malaman cocin da aka yi a garin Trent ya tabbatar a 1563 cewa addu'ar masu rai tana amfanar rayukan da ake tsarkakewa. Jagororin Furotesta na ƙarni na 16 sun ƙi wannan koyarwa, suka ce hukunci ya riga ya tabbata tun ranar mutuwa. Duk da haka, in ka zaga maƙabartun ƙasashen Furotesta za ka tarar da kalmomin hutu da salama a kan duwatsu bila adadin. An rufe ƙofar aƙidar, jama'a suka ci gaba da fatan. Yahudawa suna bin sunan mamaci da fatan aminci, kuma wanda ya rasa uwa ko uba yakan karanta addu'ar Kaddish wata goma sha ɗaya, a cikin jam'in da bai gaza mutum goma ba. Abin lura, addu'ar ba ta ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba, girmama Ubangiji ce da roƙon zaman lafiya. Mabiya Buda a Tibet da Japan da China suna yin addu'o'i kowane kwana bakwai har kwana arba'in da tara. Waɗannan addinai ba su yarda da juna ba a kan inda mamaci yake ko abin da ke jiransa. Abin da suka haɗu a kai shi ne akwai wani tsakani bayan fitar rai, kuma ba a barin mutum ya ratsa shi ba tare da masu rai sun ce komai ba. Masanin zamantakewa Bafaranshe Robert Hertz ya rubuta tun 1907 cewa al'ummomi da yawa ba sa ɗaukar mutuwa a matsayin abin da ke faruwa cikin daƙiƙa guda, tafiya ce mai zango, kuma zaman makoki yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita.

To marar imani fa, me yake nufi?

Abu na farko, sau da yawa yana faɗin abin da idonsa ya gani ne. A ɗauki macen da ta yi jinyar mai ciwon daji har ƙarshe. Tana juya shi kowane awa biyu kada gyambon kwanciya ya kama bayansa da ɗuwawunsa. Tana ƙirga awoyin maganin kashe zafi, tana lura da lokacin da ya fara daina aiki tun kafin lokacin wani ya yi. Tana jiƙa masa leɓe da auduga domin haɗiya ta gagara. A kwanakin ƙarshe numfashi yakan riƙa tsayawa na wasu daƙiƙu sannan ya dawo, majina ta taru a maƙogwaro tana kurari. Sai lokaci guda goshin da ya yi watanni a tattare ya saki. Idan wannan mata ta ce ya huta, ba ta buƙatar wata aƙida kafin maganarta ta zama gaskiya. Falsafar Epikurus, masanin Girka, tun ƙarni na 4 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan haka ta ginu: muddin muna nan mutuwa ba ta nan, in ta zo kuma mu ba ma nan. Akwai kaburburan Rumawa da aka rubuta wa cewa ban kasance ba, na kasance, yanzu ba na nan, ban damu ba. A daular nan guda kuma wasu dubban kaburbura suna ɗauke da fatan ƙasa ta yi wa mamaci sauƙi, kada ta danne shi.

Abu na biyu ya shafi yadda zuciyar ɗan Adam take. Sanin cewa mutum ya mutu daban, zuciya ta daina lissafi da shi daban. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tattauna da mutum 293 da suka rasa miji ko mata, ya wallafa sakamakon a 1971: kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin kamar marigayin yana kusa, wasu sun gan shi, wasu sun ji muryarsa, kuma yawancinsu sun ce abin yana sanyaya musu rai. Mafi yawa ba su taɓa gaya wa kowa ba, sau da yawa don gudun a yi musu ba'a. A 2004 Jesse Bering da David Bjorklund sun nuna wa yara wasan 'yar tsana inda wani kada ya haɗiye ɓera, sannan suka yi musu tambayoyi. Yara da yawa sun yarda cewa ɓeran ba zai sake cin abinci ba, amma sun nace cewa har yanzu yana son uwarsa. Ƙananan yaran sun fi manyan nacewa a kan haka, wanda ke nuna ba karatu ne ya dasa musu tunanin ba. Shekaru da dama likitocin ƙwaƙwalwa suna bin ra'ayin da ake danganta wa Freud, fitaccen masanin halayyar ɗan Adam, cewa lafiyar mai makoki tana cikin yanke alaƙa da mamaci. Daga 1996, bayan aikin Dennis Klass da abokansa, fannin ya karkata ga cewa yawancin mutane ba sa yankewa, sauya wa alaƙar siffa suke yi, kuma ba cuta ba ce. Mutumin da ka shekara talatin kana yi wa fatan sauka lafiya in zai yi tafiya, bakinka ba zai daina yi masa fata ba don kawai likita ya sa hannu a takarda.

Sai abu na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi. Mamaci shi ne mafi raunin mutane. Ba ya musanta ƙarya, ba ya shigar da ƙara, ba ya hana a tone shi, ba ya cewa wannan gonar ba taka ba ce. Duk al'ummar da ta daɗe ta gano cewa sai an gina masa katanga, kuma ba duka suka gina ta da sunan addini ba. Plutarch, tsohon marubucin Girka, ya ruwaito cewa Solon, mai tsara dokokin Atina a farkon ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, ya haramta zagin matattu. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya ce kada a zagi matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Dokar manyan laifuka ta Jamus, a sashe na 168, ta mai da tayar da hutun mamaci laifi mai ɗaurin da ya kai shekara uku, sashe na 189 kuma ya hukunta ɓata sunan marigayi da ɗaurin da ya kai shekara biyu. Yarjejeniyar Janeba ta farko ta 1949, a sashe na 17, ta wajabta wa ɓangarorin yaƙi su binciki gawa kafin binnewa don a tabbatar da ko wane ne, su binne ta cikin mutunci bisa addinin mamacin in hakan zai yiwu, su yi wa kabarin alama yadda za a iya gano shi daga baya. Maƙiyin da ka harba da safe, da yamma kabarinsa ya zama amana a wuyanka. Ƙasashen da suka sa hannu a kan wannan sun haɗa da masu addinin gwamnati da waɗanda a lokacin suke alfahari da rashin addini.

Ana gane darajar fatan ne a inda aka hana mutane yin sa. Iyaye matan da suka fara taruwa a dandalin Plaza de Mayo na Ajantina a Afrilun 1977 suna neman 'ya'yansu da gwamnatin soja ta ɓatar, ba su da gawa, ba su da kabari, saboda haka ba su da ranar da za su ce ya huta. A Srebrenica ta Bosniya an kashe maza da samari kusan 8,000 a Yulin 1995, aka tone manyan ramukan da motocin haƙa aka warwatsa gawawwakin a wasu ramuka don ɓoye laifi, har ya zama ƙasusuwan mutum ɗaya suna wurare biyu ko uku. Gwajin ƙwayoyin halitta ya gano kusan 7,000, kuma kowace ranar 11 ga Yuli ana binne waɗanda aka gano. Akwai iyalan da suka yi shekaru suna jinkirta binnewa ko za a samu ragowar jikin, daga baya suka haƙura suka binne 'yan ƙasusuwan da ke hannu.

Idan fatan salama alƙawari ne, to yana da ayyuka, kuma a nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Fikihun Musulunci ya jera abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci bi da bi: kuɗin wanka da likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sai abin da ya rage a raba wa magada. Dokokin ƙasashe da dama ma haka suka sa bashi gaban gado. A Ingila mai kula da dukiyar mamaci yakan buga sanarwa ya ba masu bin bashi aƙalla wata biyu su bayyana, in ya raba kafin nan yana iya biya daga aljihunsa. Buhari ya kawo labarin gawar da Annabi (SAW) ya ƙi sallata da kansa saboda bashin dinari uku, sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauki nauyin biya. Matsalar da ta fi yawa ita ce ta kunya da gaggawa. Mai bin bashi yana jin nauyin buɗe baki a cikin makoki, magada kuma suna ɗokin rabo. Kafin ya zo an sayar da gida, kowa ya kama gabansa, sai a ce masa ina shaida, shi kuma ya koma yana ambaton marigayin da abin da ba salama ba. Maganin ba shi da wuya. A sanar a fili cewa duk mai bin marigayi ko wanda marigayi ke bi ya zo. A naɗa mutum ɗaya da za a riƙa samu, kada ya zama kowane ɗa yana karɓar nasa labarin. A sa wa'adi, a rubuta kowace da'awa da shaidarta. A duba wayarsa da takardun banki da littattafan ajiyarsa, a ware kayan amana da ke hannunsa tun kafin su gauraya da nasa. Kada a taɓa rabo sai an rufe wannan babi. Shi ma mai rai yana da rabonsa na aikin: ya rubuta abin da ake binsa da wanda yake bi, ya sa shaidu biyu, ya gaya wa wani amintacce inda takardar take. Har shafukan intanet sun shiga lissafin, domin tun 2015 Facebook ya ba mutum damar naɗa wanda zai kula da shafinsa bayan ransa.

Wani ɓarnar kuma ta harshe ce da yatsa. Wanda ya yi rige-rigen sanar da rasuwa a waya kafin a gaya wa uwar mamaci, ko ya yaɗa hoton gawa a gadon asibiti da fatan rahama a ƙarƙashi, ya tozarta wanda yake yi wa addu'a. Haka mai zuwa ta'aziyya ya buɗe muhawarar aƙida. Gaskiya ne addinai suna da iyakoki a nan. Suratut Tauba, aya ta 113, ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara, kuma ba daidai ba ne a matsa wa mai imani ya furta abin da aƙidarsa ta hana shi don a ce ya waye. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ce? Tsakanin roƙon gafara da cin mutunci akwai fili mai faɗi: jajanta wa iyali, taya su ɗawainiya, ambaton alherin da ka sani, ko yin shiru. Marar imani shi ma bai da hurumin gyara wa tsohuwar da ke cewa za ta sadu da ɗanta gobe ƙiyama. Ranar binnewa ba ranar cin gardama ba ce.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk wannan, kuma bai kamata a kauce masa ba. Azzalumai ma suna mutuwa. Sau nawa aka yi amfani da "a bar shi ya huta" aka toshe bakin wanda aka zalunta? Jimmy Savile, shahararren mai gabatar da shirye-shirye a Birtaniya, ya mutu a Oktoban 2011 aka yi masa jana'izar girma. Shekara guda bayan nan waɗanda ya ci wa zarafi suka fara magana a fili, iyalinsa suka sa aka cire dutsen kabarinsa, kuma rahoton 'yan sanda na Janairun 2013 ya lissafa laifuka 214. Da an bi ƙa'idar yin shiru a kan matattu ido rufe, da ɗaruruwan mutane sun mutu da abin a cikinsu, da kuma cibiyoyin da suka kau da kai ba su gyara komai ba.

Sai dai ita kanta al'adar girmama mamaci ba ta taɓa nufin a binne gaskiya tare da gawa ba. A hadisin da Buhari da Muslim suka kawo, an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum na tantance maruwaita, inda suke rubuta cewa wane maƙaryaci ne, wane mai mantuwa ne, kuma yawancin waɗanda ake magana a kansu sun daɗe a kabari. Ba su ɗauki hakan gulma ba, domin akwai haƙƙin masu rai a ciki. Dokar Ingila ma ba ta karɓar ƙarar ɓata suna a madadin mamaci, abin da ya buɗe wa masana tarihi da 'yan jarida hanya. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a tambayi amfanin maganar. Idan za ta dawo da haƙƙi, ko ta kare wani daga cuta, ko ta gyara tarihin jama'a, shaida ce kuma a faɗe ta. Idan kuwa sirrin gida ne da ba ya amfanar kowa sai dai ya ƙona zuciyar marayu, to zagi ne ko da gaskiya ne. Mutum yana iya cewa wane ya sace dukiyar jama'a, ga hujja, kuma a lokaci guda ya ƙi a taɓa kabarinsa, ya ƙi a yi wa 'ya'yansa ihu a hanya.

Wanda ba a yi wa adalci a wannan zance shi ne wanda aka zalunta kai tsaye. Shi ake taruwa a kai ana cewa ka yafe, ai ya riga ya tafi, kamar mutuwar azzalumi ta biya diyya. Ba ta biya ba. Hadisin Buhari ya ce wanda ya zalunci ɗan'uwansa a mutunci ko dukiya ya nemi warwarewa yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, wato haƙƙin na mai shi ne, kuma shi kaɗai ke da ikon sauke shi. Magadan da suke son a yi wa nasu fatan salama da zuciya ɗaya suna da hanya a buɗe. Su je wurin mutumin da kansu, ba aike ba. Su saurari abin da ya faru ba tare da kare marigayin ba. In dukiya ce su tambayi nawa ne, su fitar daga abin da ya bari kafin rabo. In mutunci ne su nemi afuwa a gaban waɗanda aka ci mutuncin a gabansu. Idan bayan duk wannan ya ce bai yafe ba tukuna, su yi masa godiya su tashi, kada su ja masa aya.